LADUBBAN BAN KWANA DA GODIYA GA ƊALIBIN DA YA ƘARE KARATU A ƘASAR WAJE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, darasinmu na yau ya shafi ɗalibin da Allah Ya nufe shi da fita neman ilmi wata ƙasa, ya ƙare, ya karɓi shahadarsa, ya fara ɗaure kaya. Daga ƙasar Zuru akwai waɗanda suka tafi Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961, akwai waɗanda suka tafi Azhar ta Alƙahira, wasu Sudan, wasu Jami'ar Musulunci ta garin Say a Jumhuriyar Nijar. Akwai kuma masu karatun likita da injiniya da aikin gona a ƙasashe dabam dabam. Hukuncinsu duka ɗaya ne a wannan babi. Mu kan yi ta nasiha ga mai tafiya, amma ba mu cika yi wa mai komowa ba, alhali kuwa ayyuka da ƙarshensu ake duba su. Sau da yawa yaro ya kan yi shekara huɗu ko shida yana ƙoƙari, sa'an nan ya zo ya ɓata a makon ƙarshe.

Ku sani cewa wanda ya ƙare karatu a ƙasar wasu, bashi ne a wuyansa ta ko'ina. Ban kwana da godiya su ne hanyar fara biyan wannan bashi, kuma ba ya gama biyansa sai ya iso gida ya karantar da mutanensa.

ASALIN WANNAN DARASI

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin sahabi Maliku ɗan Huwairis, Allah Ya yarda da shi. Shi da waɗansu samari tsararrakin juna suka bar garinsu suka zo Madina wurin Manzon Allah (S.A.W.) don koyon addini. Suka zauna kwana 20. Manzon Allah kuwa mai tausayi ne, mai sauƙin hali. Da ya lura begen gida ya kama su, sai ya tambaye su waɗanda suka baro a gida, suka gaya masa. Daga nan ya umurce su da su koma wurin iyalansu, su zauna cikinsu, su karantar da su, su yi salla kamar yadda suka ga yana yi, idan lokaci ya yi ɗayansu ya kira salla, babbansu ya yi limanci.

To, ku dubi wannan da kyau. Babu malami a bayan ƙasa kamar wannan malami, babu kuma gari da zama cikinsa ya kai zaman Madina a wancan zamani. Amma duk da haka bai riƙe su ba. Bai kuma ɗauki begen gida aibi ba. Shi ne ma ya fara tambayar mutanen gidansu, don ya nuna musu cewa ilmin da suka samu akwai masu haƙƙi a cikinsa. Kuma Maliku ya cika wannan wasiyya. Bayan shekaru, almajirinsa Abu Ƙilaba ya ba da labarin yadda ya kan zo masallacinsu ya yi salla a gabansu, da nufin ya nuna musu yadda ya ga Annabi yana yi. Abin kwana 20 ke nan ya zama aikin rayuwa.

Wannan shi ne ma'anar aya ta 122 cikin Suratut Tauba, inda Allah Ya yi umurni wani yanki na jama'a ya fita neman fahimtar addini, sa'an nan Ya ambaci dalilin fitar, watau su yi wa mutanensu gargaɗi idan sun komo. An haɗa fita da komowa cikin aya guda.

MAS'ALA TA FARKO: WA ZA A GODE WA?

Na farko shi ne Allah Maɗaukakin Sarki. Ka tuna da waɗanda kuka cika takardar nema tare, wasu sun fi ka ƙwaƙwalwa, ba a ɗauke su ba. Wasu an ɗauke su, ciwo ya maido su. Wasu suna can an binne su a ƙasar baƙunci. Kai ka fita lafiya da shahada a hannu. Da wayonka ne? Ƙaruna ne ya jingina abin da ya samu ga ilminsa, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, kuma kun san yadda ƙasa ta yi da shi. A cikin Suratu Ibrahim kuwa, aya ta 7, Allah Ya yi alkawarin ƙari ga mai godiya, Ya yi narkon azaba ga mai butulci. Godiyar Allah tana da rukuni uku: zuciya ta yarda daga gare Shi ne, harshe ya faɗa, gaɓoɓi su yi aiki da ni'imar cikin abin da Ya yarda.

Na biyu su ne mutane. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ba ya gode wa mutane, to, bai gode wa Allah ba. Saboda haka kada wani ya ce shi tauhidinsa ya kai matsayin da ba ya cewa kowa an gode. Wannan girman kai ne aka sa masa rigar addini. Hadisin Abdullahi ɗan Umar ya koya mana cewa wanda ya yi maka alheri ka saka masa, in ba ka da abin sakawa ka yi ta yi masa addu'a har ka ga kamar ka biya. Hadisin Usamatu ɗan Zaidu kuma ya nuna cewa wanda ya roƙa wa mai kyautata masa sakamakon alheri daga Allah, ya kai matuƙa wajen yabo. Bahaushe ma ya ce yaba kyauta tukuici.

A cikin mutane, malamai ne a gaba. An ruwaito cewa Imamu Abu Hanifa ya lizimci malaminsa Hammadu ɗan Abu Sulaimana shekara 18, bayan rasuwarsa kuma ya kan haɗa shi da iyayensa cikin addu'a bayan salla. Imamu Ahmadu ɗan Hambali ya daɗe yana yi wa Imamu Shafi'i addu'a haka nan. Ba sai mun je nesa ba ma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, a nan Jihar Kebbi, littafi sukutum ya rubuta mai suna Ida'un Nusukhi, yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Kai fa, ɗan'uwa, za ka iya kawo sunan wanda ya koya maka baƙi da wasali a makarantar allo ta unguwarku?

Akwai wani darasi kuma cikin tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817. Ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas yana karatu. Da Malam Jibrilu zai wuce aikin hajji, Shehu ya komo gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin wucewa ba. Daga baya Shehu ya saɓa wa malamin nasa a kan mas'alar kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, ya rubuta hujjojinsa, amma bai daina yabonsa da ambaton falalarsa ba. Daga nan muke gane cewa godiya ga malami ba ta hana bin hujja, bin hujja kuma ba ya halatta rashin kunya ga malami.

Bayan malamai sai mutanen ƙasar da ka zauna. Ka sha ruwansu, ka yi jinya a asibitinsu, wataƙila ma kamar ɗaliban Madina ba ka biya kuɗin makaranta ba, an ba ka ɗaki, an ba ka kuɗin wata, an yanka maka tikitin jirgi. Anas ɗan Maliku ya ba da labarin Muhajirai, da suka ga irin hidimar da mutanen Madina ke yi musu, har suka ji tsoron kada Ansaru su kwashe ladan duka. Manzon Allah ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa muddin suna yi musu addu'a suna yaba musu, to, su ma suna da rabonsu. Kuma kada godiyarka ta tsaya ga masu manyan ofisoshi. Mai dafa abinci, da mai shara, da mai gadin ƙofa, da direban motar makaranta, yawancinsu baƙi ne kamarka, sun baro 'ya'yansu don neman abinci. Je ka same su ɗaya ɗaya, ka yi musu musafaha, in da abin da ba za ka tafi da shi ba, kamar bargo ko tukunya ko fanka, ka ba su. In ƙasar ba ta Musulmi ba ce, hukuncin bai canja ba. Aya ta 8 cikin Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba.

Idan kuwa ka gamu da wulaƙanci a can, domin a kan gamu da shi, wani ya raina launin fatarka ko lafazinka, to, laifin mutum ɗaya ba ya shafe alherin mutum ɗari. Kada ka komo gida ba ka da hira sai zagin mutanen da ka ci abincinsu shekara da shekaru.

MAS'ALA TA BIYU: SAUKE HAƘƘOƘI KAFIN TASHI

A daren hijira, mutanen Makka suna neman ran Manzon Allah (S.A.W.), amma malaman tarihi sun kawo cewa ya bar Aliyu ɗan Abu Ɗalib a baya don ya mayar wa mutane kayan da suka ba shi ajiya. Masu ajiyar nan mushirikai ne, kuma garin ne ya kore shi. To, ina uzurin ɗalibin da zai hau jirgi lami lafiya da haƙƙin mutane a jakarsa?

Saboda haka, tun da sauran wata guda, ka ɗauki takarda ka rubuta:

1. Bashin mai kanti, da mai wanki, da mai gidan haya, da abokin da ya ranta maka ranar da kuɗin gida suka yi jinkiri.

2. Littattafan aro, na ɗakin karatu da na abokai. Littafin da aka yi waƙafinsa ga ɗalibai ba ya zama naka don ka daɗe da shi.

3. Ajiyar mutane da saƙonninsu. In ka karɓi saƙon wani zuwa Ribah ko Mahuta ko Dirin Daji, ya zama amana sai ka kai. In ka san ba za ka iya ba, kada ka karɓa.

4. Dokar ƙasar. Da alkawari ka shiga, an rubuta maka ranar fita. Wanda ya ɓuya bayan takardar zamansa ta ƙare ya saɓa alkawari, kuma ya toshe ƙofa ga ƙannensa da za su nema a bayansa.

5. Neman gafarar waɗanda ka ɓata wa. Mutum ba zai yi shekaru a ɗaki ɗaya da wani ba tare da an saɓa ba, harshe da haƙori ma su kan saɓa.

Kada ku ɗauki wannan ƙaramin abu. Muslim ya ruwaito cewa a kan gafarta wa shahidi kome da kome, ban da bashi. Bukhari kuma ya ruwaito umurnin cewa wanda ya san ya zalunci ɗan'uwansa, a mutunci ko a wani abu, ya nemi warwarewa tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai dai a ɗebi lada a biya. Mai kantin da ka gudu da kuɗinsa a Alƙahira ba zai biyo ka Zuru ba, gaskiya ne. Amma akwai filin da za ku haɗu, kuma a can ba a tambayar fasfo.

MAS'ALA TA UKU: YADDA AKE BAN KWANA

Sunna ce mai tafiya ya yi sallama da mutane, su kuma su yi masa addu'a. Abdullahi ɗan Umar ya kan kira mai shirin tafiya ya matso kusa, ya yi masa ban kwana irin wanda Annabi ya kan yi musu, watau ya danƙa wa Allah ajiyar addininsa, da amanarsa, da ƙarshen ayyukansa. Ku lura da abubuwa ukun nan. Ba a ambaci kaya ko kuɗi ba, domin abin da aka fi jin tsoron ya salwanta a hanya shi ne addini.

Haka kuma rakiya da wasiyya. Imamu Ahmadu ya ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya fita raka shi, Mu'azu yana bisa abin hawa, shi kuwa yana tafiya a ƙasa yana yi masa wasiyya. Ya sanar da shi cewa mai yiwuwa ba za su sake haɗuwa ba bayan wannan shekara, Mu'azu ya fashe da kuka. Haka kuwa aka yi, bai komo Madina ba sai bayan wafatin Annabi. Saboda haka hawaye a wurin rabuwa ba rauni ba ne. Ka je wurin malaminka takanas, ka zauna, ka gode masa, ka ce ya yi maka wasiyya, ka rubuta abin da ya faɗa. Saƙon waya na layi biyu ba ya isar wa mutumin da ya yi shekaru yana gyara maka karatu.

Wani abu kuma, kada ka ajiye godiya sai ranar ƙarshe, domin ba kowa ke samun ranar ƙarshen ba. Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Khartum. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a can, da yawansu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, aka kwashe su cikin motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a kan iyaka, rukunin farko bai sauka Abuja ba sai farkon watan Mayu. An kwashe wasu ta Port Sudan. Wane ne a cikinsu ya sami zaman ban kwana da malaminsa ko maƙwabcinsa? Haka ya faru ga ɗalibanmu na Yukren a watan Fabrairu 2022. Wanda ya saba gode wa mutane tun ana zaune lafiya, ya kan biya bashinsa da wuri, shi ne irin wannan rana ba ta yi masa ba-zata.

MAS'ALA TA HUƊU: KOMOWA GIDA

Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya siffanta tafiya da yankin azaba, ya yi umurni ga wanda ya biya bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Daga sunna akwai sanar da mutanen gida kafin a iso, kada a faɗo musu da dare ba labari. Akwai fara sauka a masallaci a yi raka'a biyu, kamar yadda Ka'abu ɗan Maliku ya ba da labarin al'adar Annabi. Yin abinci don murnar komowa ya halatta, domin Jabir ya ruwaito cewa Annabi ya yanka raƙumi ko saniya da ya iso Madina daga wata tafiya. Amma a yi gwargwadon hali. Ba a cin bashi don a burge unguwa.

Sa'an nan iyaye. A Suratu Luƙman, aya ta 14, Allah Ya gwama godiyarSa da godiyar iyaye. Wani a cikinku buhunan dawa aka sayar aka yi masa fasfo. Wani kuɗin fansho na tsohon soja aka tattara, kun san ƙasar Zuru da aikin soja. Wani ƙanensa ne ya bar makaranta ya riƙe gona. Kafin ka hau kowane mumbari, ka durƙusa ka gai da waɗannan. A ƙasarmu kuma sau da yawa gida ɗaya za ka sami Musulmi, da Kirista, da mai bin al'adar gargajiya. Aya ta 15 ta wannan sura ta yi bayani: ba a yi wa iyaye biyayya cikin shirka, amma ana zama da su da kyautatawa a duniya. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya umurce ta da ta sada zumuncinta. In gwaggonka Kirista ce ta ba ka guzuri ranar tafiya, tsarabarta da godiyarta suna wuyanka.

Daga nan sai karantarwa, wadda ita ce cikon godiya. Kakanninmu na ƙasar Lelna sun san golmo, saurayi ya yi shekara bakwai yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. Sun fahimci cewa abu mai daraja da hidima ake biyansa. To, ilmi ya fi, kuma gonar da za ka yi wa hidima ita ce jama'arka. Ku dubi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, mutumin Gummi maƙwabtanmu. Ya je Bakhtar Ruda a Sudan a 1954, ya komo, ya karantar, ya yi alƙalanci, ya yi tafsiri a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa don wanda bai ji Larabci ba, har ya rasu a 1992. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya ƙare Jami'ar Madina a 1993, ya komo Kano ya zauna karantarwa, har aka kashe shi yana limancin sallar asuba a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu 2007. Allah Ya jiƙansu. Da sun zauna can inda suka yi karatu, wa zai san su a ƙauyukanmu?

Ba muna cewa haramun ne mutum ya ƙara karatu ko ya yi aiki a wani gari ba. Amma Kano da Kaduna da Abuja cike suke da malamai da likitoci, alhali akwai ƙauyuka tsakanin Dabai da Wasagu da Sakaba inda ake neman mai gyara wa yara Fatiha, ko mai duba mara lafiya. Ko hutu ne ka ba su, ko aji ɗaya a mako. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

In ka zo kuma, ka zo da ladabi. Wasiyyar da aka yi wa Mu'azu ta fara da sanar da shi irin mutanen da zai tarar, cewa Ma'abota Littafi ne, sa'an nan aka ce ya bi da su mataki mataki: tauhidi, in sun karɓa sai salla, in sun karɓa sai zakka. Shi da Abu Musa aka umurce su da su sauƙaƙa kada su tsananta, su yi bushara kada su kore mutane. Saboda haka ka san mutanenka. Tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai, yi mata magana da C'lela ko Fakkanci in kana ji, kada ka yi ta zuba mata Larabci don a ce ka sha karatu. Limamin da ya riƙe masallacin unguwa shekara 30 ba albashi, kada ka kunyata shi gaban jama'a. In ka ga kuskure, same shi a zaure, kai da shi, da littafi a hannu da girmamawa a baki. Shi ya tsare wurin har ka je ka komo. Ka kuma ji tsoron hadisin da Muslim ya ruwaito game da mutum uku da za a fara ƙona wuta da su, ɗayansu wanda ya nemi ilmi don a ce masa malami. Allah Ya tsare mu.

KAMMALAWA

Ya ɗan'uwa mai shirin komowa, ka tambayi kanka abu huɗu kafin ka rufe akwati. Na gode wa Allah da aiki, ko da baki kawai? Akwai wanda ya yi mini alheri a garin nan da ban je na same shi ba? Akwai kwabon wani, ko littafinsa, ko mutuncinsa a wuyana? Wane masallaci, ko wace makaranta, ko wane asibiti ne a gida zan fara ba lokacina? Ku kuma da ba ku tafi ba tukuna, ku fara tun yanzu da malaman da ke gabanku, domin wanda bai iya godiya a Rikoto ba, ba zai koye ta a Madina ba.

Allah Ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah Ya maido da ɗalibanmu gida lafiya, Ya sanya albarka cikin abin da suka koyo, Ya zaunar da ƙasar Zuru da Nijeriya baki ɗaya lafiya. Allah Ya sa mu gama da kyau, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.